Albam Uku a Ƙasan Adakar Mahaifinmu

Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa da rahama, sai da muka yi kusan wata biyu kafin wani daga cikinmu ya iya taɓa adakar ƙarfen da ke ƙuryar ɗakinsa a gidanmu na Gangare. Ranar da malamin da zai raba mana gado ya ce a tattaro duk abin da marigayi ya bari, ni da yayana muka jawo ta tsakar ɗaki, muka fasa kwaɗon saboda an nemi makullin an rasa. Ƙamshin kafur ne ya fara tarbar mu, sannan wani wari na rima ya biyo baya, irin wanda duk mutumin Jos ya sani a tufafin da suka kwana a ɗaki cikin watan Agusta. A sama akwai manyan riguna da rawani, da takardun fili, da tsohon fasfonsa na aikin hajji. A can ƙasa kuma, naɗe cikin wani tsohon zane saƙi na kakarmu, muka tarar da albam uku na hotuna.

Ba a sa musu kuɗi a lissafin gado ba, domin babu wanda ya ga abin sayarwa a cikinsu. Amma kafin la'asar ta yi, su ne suka fi komai tara mutane a ɗakin. Mu tara ne a wurin mahaifinmu, kuma kowa ya ga abin da ransa ke so: ƙanwata ta ɗora yatsa a kan hoton mahaifiyarmu tana amarya, yayana yana son na Baba a bakin shagonsa, autanmu kuma har ya fara sa farce a ƙarƙashin wani hoto zai ɓamɓaro shi. Niyyar kowa mai kyau ce, kuma shawarar da aka kawo ta yi kama da adalci, wato a ciro hotunan duka a kasa su kashi tara. Na roƙe su da girman Allah su ba ni wata uku kafin a cire ko guda ɗaya. A lokacin ban iya bayyana musu dalilina yadda ya kamata ba, abin da kawai na ji a raina shi ne idan aka raba hotunan nan, kowa zai tafi da wani abu a hannu, amma abin da kakanmu ya haɗa zai ɓace gaba ɗaya.

Mafi tsufa a cikin ukun na kakanmu ne, wanda ya baro ƙasar Kano yana saurayi ya hawo Filato a zamanin da kuza ke jawo mutane daga ko'ina, ya yi aikin akawu a Bukuru kafin ya koma kasuwanci a cikin Jos. Bangonsa kwali ne mai kauri, shafukansa baƙaƙe, an ɗaure su da igiya ta cikin huda biyu, kuma tsakanin kowane shafi da na gaba akwai wata siririyar takarda mai shara-shara. Ba a shafa wa hotunan gam ba, an maƙale kowanne ne da 'yan kusurwoyin takarda guda huɗu, kuma wannan ya taimaka ƙwarai wajen tsirar da su. A ƙarƙashin wasu kakanmu ya yi rubutu da farin fensir, wani wuri da ajami, wani wuri da boko, gwargwadon wanda ya zo masa a hannu. Yawancin hotunan zamanin kuza da na taɓa gani a littattafai da intanet Turawa ne suka ɗauke su, kuma mutanenmu a cikinsu taron leburori ne kawai masu ɗauke da kwanuka a ka, babu suna babu asali. A albam ɗin kakanmu kuwa, mutum yana tsaye cikin rigar da ya zaɓa da kansa, yana kallon mai hoto ido cikin ido, kuma an rubuta ko shi wane ne.

Sai da na zauna da shi dare da yawa kafin na gane abin da ya sa raba shi zai zama ɓarna. Jerin da aka yi wa hotunan shi kansa bayani ne. Akwai shafin da aka cika da hotunan 'yan makaranta riƙe da ƙananan tutoci a bakin hanya, kuma kakanmu ya rubuta a ƙasa cewa zuwan Sarauniya ne, abin da ya nuna farkon shekarar 1956 ke nan, lokacin da Sarauniya Elizabeth ta ziyarci Najeriya har ta sauka a Jos. Bayan shafi biyu akwai hoton da mai situdiyo ya buga wa hatimi mai ɗauke da shekarar 1958. Duk hotunan da ke tsakanin waɗannan biyun babu rubutu a jikinsu, amma matsayinsu a cikin albam ya gaya mana lokacinsu, kuma da an ciro su an watsa, da sun zama fuskoki marasa zamani. A albam na biyu ma haka na riƙa bin sawu. Hatimin da aka rubuta jihar Binuwai-Filato a jikinsa ba zai wuce tsakanin 1967 da 1976 ba, farashin da aka rubuta da sule ya riga zuwan naira a watan Janairun 1973, hoton titi kuma da motoci ke bin hannun hagu an ɗauke shi kafin 2 ga Afrilun 1972, ranar da ƙasar nan ta koma tuƙi a hannun dama. Kowane hoto yana riƙe da na kusa da shi kamar yadda tubali ke riƙe da ɗan'uwansa a jikin katanga.

Abin da ya fi gaggawa, wanda kuma na gode wa Allah da ban jinkirta shi ba, shi ne zuwa wurin Goggo, yayar mahaifinmu, wadda ta haura shekara 80 kuma take zaune a Unguwar Rogo. Na kai mata albam ɗin wata Asabar da hantsi, muka shimfiɗa tabarma a inuwar baranda inda haske ke da kyau amma rana ba ta dukan takarda, na ɗora shi a kan matashi, na kunna naɗar murya a wayata bayan na nemi izininta. Da yake sunan mahaifinta aka sa mini, ba ta taɓa kiran sunana ba.

"Babana, juya a hankali, idon nan ba kamar da ba ne," in ji ta.

Ba ta taɓa fuskar hoto ko sau ɗaya ba, sai dai ta tsayar da yatsarta a sama da shi tana ɗan karkarwa, ta yi shiru, sannan suna ya fito. Wannan Sarkin Aska ne, shi ya yi wa mahaifinku kaciya. Wannan Uwar Biyu ce, maƙwabciyarmu, a ɗakinta na koyi kaɗi. Da muka iso kan wani matashi mai dogon wuya sanye da hular dara, sai ta kawar da kai ta ce, "Wannan kuwa ai ka san shi." Mijinta ne, wanda ya rasu fiye da shekara ashirin da suka wuce, kuma har yau alkunya ba ta barin ta ambaci sunansa. A nan na fahimci wata matsala da ta keɓanta da gidajenmu: mata su ne suka fi riƙe tarihin dangi, amma su ne kuma al'ada ta hana su faɗin sunan miji da na ɗan fari da na surukai, saboda haka abin da ke bakinsu laƙabi ne. Dole na riƙa rubuta laƙabin yadda ta faɗe shi, sannan na bi wasu dattawa ina tambayar sunan yanka. Duka biyun na ajiye a littafi, domin laƙabin ma tarihi ne, kuma wata rana da shi kaɗai wani zai gane kakarsa.

Wani daga cikin 'yan'uwa ya nuna damuwa a kan ajiye hotuna ta fuskar addini, kuma ban ɗauki maganarsa da wasa ba. Malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara, kowane ɓangare da hujjarsa, ni kuwa ba malami ba ne. Abin da muka daidaita a kai shi ne ba za a rataye su a bango ba, za su zauna a rufe, a buɗe su idan ana son sanin dangi da sada zumunci. Ya gamsu da haka, kuma ta wani ɓangaren ma shawararsa ta amfani hotunan, domin haske yana cikin manyan abubuwan da ke kashe su.

Wanda zai adana tsohon hoto ya kamata ya san da me aka yi shi. Hoton baƙi da fari irin na zamanin kakanmu takarda ce aka shafa wa jalatin, wani abu mai kama da ƙaro da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, kuma a cikin wannan shafen ne ƙananan ƙwayoyin azurfa suke zaune, su ne suke ba da siffar da muke gani. Jalatin yana shan danshi ya kumbura ya yi danƙo, idan iska ta bushe kuma ya tsuke ya ja takardar ta nannaɗe. Ga shi kuma abinci ne ga fumfuna da kyankyaso da wasu ƙananan ƙwari masu launin azurfa da ke sulɓi tsakanin takardu. Masana adana kayan tarihi suna son danshin ɗaki ya tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin 100, kuma idan ya daɗe sama da kashi 65 fumfuna na samun wurin zama. Mu a Jos Allah Ya ba mu sanyi, kasancewar garin yana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, kuma sanyi abokin hoto ne, domin zafi yana hanzarta lalacewarsa. Matsalarmu ita ce juyin yanayi: damina mai tsawo wadda bango ke tsatsafo da ruwa a Yuli da Agusta, sannan hunturu mai busar da komai har leɓe ya tsage. Kowace shekara hoton yana kumbura yana tsukewa, kuma shekara saba'in na wannan ja-in-ja su ne suka bar 'yan tsage-tsagen da na gani a fuskar wasu. A wasu kuma, idan aka karkata su ga haske, wuraren da suka fi duhu suna ƙyalli da shuɗi-shuɗi kamar madubi. Azurfar ce ta taso sama, ba datti ba ne, kuma wanda ya sa tsumma ya goge zai tafi da hoton ne.

A shafi na goma sha ɗaya na albam ɗin kakanmu akwai kusurwoyi huɗu da babu komai a tsakaninsu, kuma ni ne sanadi. Shekaru da suka wuce, mahaifina ya ciro mini hotonsa yana ɗan firamare saboda na nace ina so, ni kuma don tsananin son kada ya lalace na kai shi wani shagon buga takardu aka yi masa lamineshan. Na fito ina murna, ina ganin na yi masa rigar da ruwa ba zai ratsa ba. Ban san cewa injin yana narka gam ne da zafi ya manne leda a fuskar hoton har abada ba. Yau ledar ta yi rawaya, iska ta shiga ta gefe ta yi ƙuraje, kuma babu hanyar ɓare ta ba tare da fuskar mahaifina ta biyo ta ba. Garin gyaran gira na rasa ido, kuma duk lokacin da na iso wannan shafi sai na ji abin a ƙirjina. Shi ya sa nake roƙon duk wanda ya gaji hoto ya nisanta shi daga lamineshan, da salatif, da gam, da biro wanda tawadarsa ke ratsa takarda ta ɓullo ta gaba, da kilif na ƙarfe mai tsatsa. Idan hoto ya yage, a sa ɓangarorin a ambulan ɗaya a bar su haka, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Albam na biyu, na mahaifinmu, shi ya fi ba ni wahala, kuma shi ne wuri ɗaya da na karya dokar da na kafa ta kada a cire komai. Irin wanda aka yi yayi ne a shekarun 1970 da 1980, mai shafuka masu layin gam da leda da ake ɗagawa a mayar. Gam ɗin ya tsufa ya koma ruwan ƙasa, a wasu shafukan ya bushe hotuna suna zubowa, a wasu kuma ya riƙe su gam har layukansa sun fito a fuskarsu. Da farko na ɗauki hoton kowane shafi yadda yake, na ba shi lamba, domin jerin ya tsira ko da albam ɗin bai tsira ba. Waɗanda suka saki da kansu na kwashe, waɗanda suka ɗan riƙe na zura zaren sakace marar kakin zuma a ƙarƙashinsu ina ja a hankali kamar mai yanka sabulu, waɗanda suka ƙi kuwa na ƙyale su a shafinsu. Hotunan kala na wannan zamani duk sun koma ja-ja, har da na hajjin Baba, wanda haraminsa fari ya zama kamar an jiƙa shi a ruwan goro. Dalili shi ne hoton kala rini ne kala uku ba azurfa ba, kuma rinin yana dusashewa ko a cikin duhu, ɗaya ya riga ɗaya. Abin mamaki, hotunan kakanmu na shekarun 1950 sun fi na 1980 lafiya nesa ba kusa ba. A cikin waɗannan masu dusashewa akwai hoton Baba a gaban babbar kasuwar Taminus, wadda gobara ta cinye a watan Fabrairun 2002, saboda haka shi na fara ceto.

Ma'ajiyar da na yi musu ba ta kai ta gidan tarihi ba, amma ta fi adakar. Tsatsar da ke ƙasan adakar ta tuna mini ambaliyar watan Yulin 2012, wadda ta shiga gidaje a Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo ta yi asarar rayuka da dukiya. Ruwan bai kai ɗakin Baba sosai ba, amma maƙwabta da yawa sun rasa duk wata takarda da suka mallaka, wasu kuma sun shanya jiƙaƙƙun hotuna a rana suka nannaɗe suka manne da juna. Abin da ya dace da jiƙaƙƙen hoto shi ne a raba shi da sauran tun yana da laima, a kwantar da shi fuska sama a kan tsumma mai tsabta a inuwa inda iska ke wucewa, domin cikin kwana biyu fumfuna ke kamawa. Yanzu albam ɗin suna kwance, ba a tsaye ba, kowanne a cikin kwalinsa, a saman kabad da ke jingine da bangon tsakiyar gida, nesa da taga da kicin da banɗaki. Na fitar da kafur daga wurinsu, na sa 'yan ƙunshin silika masu shan danshi tare da ƙaramin ma'aunin danshi da nake dubawa, musamman da damina. Hotunan da suka fita daga albam na biyu suna cikin aljihunan leda, amma ba kowace leda ba: wadda ake kira PVC, mai lamba 3 da ƙamshin sabuwar roba, tana fitar da maiƙo mai lalata hoto, mai lamba 5 kuwa, wato PP, ba ta da wannan illa. Bayanin kowanne na rubuta shi a bayansa da fensir mai laushi, kusa da gefe, ba tare da dannawa ba. Na kuma sami ambulan guda cike da dodon hoto, wato fim ɗin da ake wanko hoto daga jikinsa, na ware shi dabam, domin tsohon fim idan ya fara lalacewa yana fitar da tururi mai tsami da ke cutar da abin da ke kusa da shi.

Albam ɗin kakanmu ban kifa shi a kan sikana ba, saboda dannawa za ta karya shafukan da suka riga suka yi rauni. Na ɗora shi a kan matashi kusa da ƙofa da safe, na ɗauki kowane shafi da kyamara daga sama ba tare da filasha ba, hannuna a wanke a bushe, ina kama takarda ta gefe. Waɗanda suke a sake na yi musu sikanin a kan ɗigo 600 a kowane inci, gaba da baya, domin hatimin situdiyo da rubutun da ke baya wani lokaci sun fi fuskar bayani. Kwafi ɗaya yana kwamfutata, ɗaya yana wurin ƙanwata a Abuja, ɗaya kuma a ma'ajiyar intanet, kuma na gargaɗi 'yan'uwa cewa hoton da aka tura ta WhatsApp yadda aka saba ana matse shi ya rage kyau, don haka kada wani ya ɗauka abin da ke wayarsa ya isa madadin na asali.

Da wata ukun suka cika, muka taru a gidan yayana bayan sallar Juma'a. Na miƙa wa kowa kwafin da aka wanke na hotunan da ya nuna yana so, tare da littafin sunayen da na rubuta daga bakin Goggo. Muka amince cewa albam ukun na gidan ne baki ɗaya, ni mai riƙon amana ne kawai, duk mai son gani ƙofa a buɗe take, kuma mun rubuta wanda zai karɓa bayana. Ƙanwata ta daɗe tana kallon kwafin hoton mahaifiyarmu, sannan ta ce ta yafe na asalin ya zauna kusa da na Baba inda aka sa shi tun farko.

Har yanzu akwai mutum goma sha huɗu a albam ɗin kakanmu da babu wanda ya gane su. Ɗaya daga cikinsu ya fito sau uku, kullum a tsaye a hannun daman kakanmu, riƙe da keke, da tsagar gado a kumatunsa. Goggo ta ce tana tuna fuskar, kuma tana jin tare suka hawo daga Kano, amma sunan ya ɓace mata. Ta ambaci wani dattijo a Bukuru wanda mahaifinsa ya yi aiki tare da kakanmu, ta ce in yi sauri domin an gaya mata ba ya jin daɗin jikinsa. Na wanke kwafin hotunan uku da girma yadda idon tsoho zai iya gani, kuma ranar Asabar mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan kai masa.